Karen Ruwa da Mai Gonar Kifi a Fadamar Haɗeja: Wa Zai Biya Kuɗin Shinge?



Bahaushe yana da wata al'ada wajen raɗa wa halittun ruwa suna, watau yakan aro sunan dabbar tudu ya liƙa musu. Babban kifi ya ce da shi giwan ruwa, wani kuma ragon ruwa. Ita kuwa dabbar nan mai gajerun ƙafafu da wutsiya mai kauri, wadda ke ninƙaya kamar kifi, sai ya kira ta karen ruwa, ko da yake a wurin masana ba dangin kare ba ce, ta fi kusa da dage da bodari. Abin da wannan lacca za ta duba shi ne ɗawainiyar da ke kan mai gonar kifi idan yana son ya kare dukiyarsa daga wannan dabba ba tare da ya kashe ta ba.

Can da, kifin ƙasar Haɗeja ambaliya ce ke kawo shi. Kogi ya cika da damina, ya malala cikin fadama tun daga Auyo har Guri da Nguru, kifi ya bi ruwan ya hayayyafa, in ruwa ya janye masunta su kama. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyi da yawa. Daga cikin dabarun da mutane suka koma gare su akwai haƙa tafki a zuba 'ya'yan tarwaɗa a yi kiwonsu. To, a nan ne lissafi ya bambanta. Kifin kogi kyautar Allah ne, in wata dabba ta ci ba wanda zai ce an ci nasa. Kifin gona kuwa kuɗi ne, domin abincinsa kaɗai yakan lashe fiye da rabin abin da ake kashewa, ga shi sai an yi wata huɗu zuwa shida ana ciyar da shi kafin ya isa kasuwa. Tarwaɗar da aka sace a wata na biyar ta tafi da abincin wata biyar a cikinta.

Amma fa kafin a yanke wa karen ruwa hukunci, ya kamata a tabbata shi ne ɓarawon. Dabba ce da ta yi ƙaranci a kogunan Arewa, alhali masu cin kifi a fadama suna da yawa: zalɓe, da kwasakwasa, da guza, da kada, sa'an nan da ɗan Adam mai zuwa da koma cikin dare. Kowannensu yana barin shaida. Zalɓe yakan bar rauni kamar na mashi a gadon bayan kifi. Karen ruwa yakan bar kan kifi a bakin ruwa, da kashi mai cike da ƙaya da ɓawon ƙaguwa. Daga cikin ire-irensa da ake samu a Nijeriya, babban ba ya da farata, sawunsa a laka kamar tafin hannun yaro yake, kuma ƙaguwa da kwaɗi ya fi ci. Ƙaramin mai ɗigo-ɗigo a wuya shi ne ya fi dogara ga kifi. Ɗan Adam ne kaɗai ke kwashe tafki ƙaƙaf bai bar ko ƙaya ba. Wannan bincike ba ya cin ko kwabo, sai sammako da duba laka, amma shi aka fi tsallakewa.

In ta tabbata shi ne, hanyar da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai ita ce guba ko tarko. Guba ga alama araha gare ta, amma ba ta san mai laifi ba. Masunta sun ga abin da Gamalin ya yi wa ruwayen ƙasar nan a shekarun da aka riƙa zuba shi don kamun kifi. Ruwan da aka lalata kuwa shi ne shanun makiyayi ke sha, shi ne yara ke wanka a ciki. Daɗin daɗawa, dokar kare namun daji masu fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta sa karen ruwa cikin dabbobin da aka hana farautarsu. Kama shi da rai a kai shi wani wuri shi ma ba ya warkar da ciwon, don muddin tafki na nan buɗe cike da kifi, wani zai maye gurbinsa.

Saura shinge ke nan, kuma a nan kuɗin yake. Karen ruwa yana hawa, yana tono, yana kuma kurɗawa ta ƙaramar kafa. Saboda haka shingen ƙaya ko na zana ba ya tsare shi. Sai ragar waya mai ƙarfi mai ƙananan idanu, tsayinta ya haura mita ɗaya, a lanƙwasa samanta waje, a binne gindinta a ƙasa, a kuma toshe bakin bututun da ruwa ke shiga da fita. Farashin waya yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, amma awon ƙasa ba ya sauyawa, kuma shi ya kamata a lura da shi. Alal misali, tafki mai mita 20 tsawo da mita 20 faɗi yana bukatar shinge mita 80. Mutum huɗu masu irin wannan tafki, in kowa ya kewaye nasa daban, za su sayi mita 320. In kuwa sun haƙa tafkunan a haɗe, biyu gaba biyu baya, mita 160 da 'yan kai sun ishe su. Watau rabin kuɗin ya tafi ne wajen zaman kowa da nasa.

Har ila yau, a fadama ba a sayen shinge sau ɗaya a huta. Danshi yana sa waya tsatsa, gara tana cin turaku, ambaliya irin ta 2020 da ta 2022 kuwa ba ta barin shinge ba ta barin kifi. Akwai masu ɗaura wayar lantarki mai aiki da hasken rana, wadda ke firgita dabba ba ta kashe ta; sai dai tana bukatar a riƙa nome ciyawar da ke ƙarƙashinta kullum, kuma faifan da batirin su ma abin sata ne. Shi ya sa maigadi da fitila da karen gida ba su rasa muhimmancinsu ba, musamman da yake su kaɗai ne ke tsare ɓarawo mai ƙafa biyu. Albashin maigadi ɗaya, kamar shinge, mutum huɗu suna iya raba shi.

To, wa ya kamata ya biya? Doka ta ce kada a kashe dabbar domin amfanin jama'a duka, amma ɗawainiyar ta faɗa kan mutum ɗaya. Wasu ƙasashen Turai sun fuskanci wannan. A Ingila magungunan ƙwari sun kusa ƙarar da karen ruwa bayan 1950, aka hana farautarsa a 1978, kuma zuwa 2011 ya koma kowace gunduma ta ƙasar, masu tafkunan kifi suka shiga sayen shinge. Jamhuriyar Cek kuwa ta kafa doka a 2000 wadda ta sa gwamnati biyan diyyar ɓarnar da yake yi a gonakin kifi. Diyya tana da daɗin ji, amma tana bukatar ma'aikacin da zai ƙirga kifin da ba ya nan, kuma ƙofa ce ta ƙarya da jayayya. Abin da ya fi dacewa da ƙasar Haɗeja shi ne tallafin kaya tun kafin ɓarna: a ba ƙungiyar masu kiwon kifi waya da turakun ƙarfe bisa rangwame, da sharaɗin su haƙa tafkunansu a haɗe, a wurin da ya ɗan ɗaga daga hanyar ambaliya. Masu tafkuna a kewayen Baturiya, wadda ta shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008, su suka fi cancanta a fara da su, tun da a kansu dokar kare namun daji ta fi nauyi. Malaman gona na hukumar JARDA kuma suna iya koya wa masu tafki karanta sawu a laka a zagayen da suke yi na yau da kullum, ba sai an ware wa wannan wani kasafi ba.