Ina Hoton Lasinka Yake Kwana?

Jawabin da aka yi wa direbobi da 'yan acaɓa na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa



Wani dattijo a cikinku ya tambaye ni, wai hoton nan da aka ɗauke shi ranar da ya je yin lasin, a ofishin nan yake zaune, ko kuwa ana miƙa shi ga waɗansu? Baba, amsarka ita ce ana miƙawa. Bari in bi muku hanyar da yake bi.

In mutum zai yi lasin tuƙi, hannu uku ke taɓa shi. Hukumar tara kuɗin shiga ta Jiha ita ke karɓar kuɗi. Ma'aikatan VIO su ke gwada mutum, su ga ko ya iya tuƙi. Sa'an nan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Biyun farko na Jiha ne, ta ukun kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce. Saboda haka ko da yake a Jihar Katsina ka zauna gaban na'ura, hotonka ba a Katsina ya tsaya ba, ya shiga rumbun kwamfuta guda na ƙasa duka. Shi ya sa ma'aikaci a Legas zai iya duba lambar lasinka ya ga fuskarka.

Ba a nan ya tsaya ba. A watan Disamba na 2020 hukumar nan ta ba da sanarwa cewa ba za a ƙara yin lasin ba sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. A wannan watan kuma aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar. Banki ma, wanda tun 2014 ya ɗauki yatsunmu don BVN, ya zo yana neman ta. To ga lasin, ga waya, ga asusu, duka an ɗaure su da igiya guda. Wanda ya kama bakin igiyar nan ya san sunanka da ranar haihuwarka da unguwarku da fuskarka.

Dattawan da ke nan sun tuna zamanin En'e, sa'ad da malamin haraji kan zauna ƙofar gidan dagaci yana rubuta sunayen magidanta. Wannan littafi ba don a kawo mana rijiya aka rubuta shi ba, don a san inda za a same mu ne. An soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kaduna. Amma littafin malamin haraji, in ya yi nisa, ya kai Katsina. Na yau ba shi da iyaka.

Kada ku ce ina ƙin a san direba. Ko kaɗan. Da, mutum kan kashe rai a hanya, ya tsallaka wata jiha ya yanki sabon lasin da wani suna. Haɗa rumbun ya rage wannan ɓarna, kuma mun gode. Abin da muke tambaya shi ne, wa ke da mabuɗin rumbun?

Ku ji abin da ya faru. A 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafi a intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Nijeriya a kan naira 100. Naira 100, jama'a! Don su tabbatar wa duniya, sai suka sayi na Ministan Sadarwa kansa. In na Minista bai tsira ba, ina na mai Golf da ke lodin Funtuwa? Ko a Amurka, a 2019 jarida ta tona cewa 'yan sandan ciki da ma'aikatan shige da fice suna laluben hotunan lasin na jihohi da na'urar gane fuska, ba tare da masu hotunan sun sani ba.

A wani gari wannan magana ta kunya ce kawai. A ƙasarmu ta rai ce. Inda ake sace mutum don kuɗin fansa, sanin wane ne ya mallaki mota uku, da inda yake kwana, ba ƙaramin abu ba ne.

An ce mana duk don tsaro ake yi. To, ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Waɗanda suka zo a kan babura daren nan, wane ofishi ne ya ɗauki hotonsu? A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana sayar da mai a jarka, aka yanke waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. Wanda ya yi rajista shi ya zauna ba lodi, ba waya. Mai gaskiya an san shi har zanen yatsa, ɓarawo kuwa baburinsa ko lamba ba shi da ita.

Yanzu ga abin da ke hannunku. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa mata hukuma. Dokar ta ba kowannenku ikon ya tambayi duk ofishin da ke riƙe da bayanansa: me kuka rubuta a kaina, wa kuka ba? In an yi kuskure a suna ko shekara, yana da ikon ya ce a gyara. In an fasa rumbu, dole ofishin ya sanar da hukumar cikin awa 72. Gaskiya ne dokar ta bar ƙofa ga masu binciken laifi da tsaron ƙasa, kuma ƙofar tana da faɗi. Amma ba ta bar ta ga ɗan kasuwa ba, ba ta bar ta ga ɗan siyasa mai neman sunayen 'yan hamayya ba.

Mutum ɗaya in ya tambaya, masinja ma ya ishe shi. Don haka shawarata ita ce shugabannin tashoshin nan uku su rubuta takarda guda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai ofishin lasin, a aika da kwafi ga 'yan majalisarmu. Kuma daga yau, kada wanda ya ƙara ba ɗan kamasho lasinsa da lambarsa ta NIN wai ya je ya sabunta masa. Ku je da ƙafarku.

Wanda bai iya rubutu ba ya tsaya bayan an tashi, magatakarda zai rubuta sunansa.