Daga Fada Zuwa Zauren WhatsApp: Wa Ke Koya Mana Siyasa A Damagaram?

Lacca da aka gabatar a garin Mirriya gaban malaman makaranta, ɗalibai da shugabannin fadodin matasa

 

Duk wanda aka tsayar a cikinmu aka tambaye shi ra'ayinsa kan ficewar Nijar daga CEDEAO, ko kan ƙawancen ƙasashen Sahel na AES, ko kan man da ake tacewa a matatar SORAZ, zai ba da amsa nan take, har da hujjoji. Inda za a ga ya yi jim shi ne in aka ce masa: a ina ka ji, kuma wa ya fara faɗa? Sau da yawa amsar ita ce, an turo a zaure. Wannan "an turo" ɗin nake so mu zauna a kansa yau, domin shi ne ya zama babban malamin siyasar mutanenmu, kuma malamin da ba mu san sunansa ba.

Damagaram ba baƙuwar hirar siyasa ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimun, fatake masu zuwa daga Kano da Barno da Tarabulus suna sauke labari tare da kaya, kuma har gobe wanda ya ci kasuwar Lahadi ta Mirriya yakan koma ƙauye da labari fiye da cefane. Ji-ta-ji-ta ma ta girmi salula nesa ba kusa ba. A 1906, zargin ƙulla makirci da ya kai kunnen Faransawa ya isa aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa, aka kai shi Kodibuwa, ba a maido da sarautar Damagaram yadda take ba sai a 1923.

Bayan samun ƴancin kai, ƙasarmu ta yi wani abin koyi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo. Mutanen gari su taru su saurari shiri, jagora, wanda galibi malamin makaranta ne, ya buɗe muhawara, ya ɗauki muryoyinsu a rakoda, a aika Yamai a watsa wa ƙasa. Zamanin Seyni Kountché aka raya ƙungiyoyin matasa na samariya. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991, jam'iyyu suka yawaita, ɗan Damagaram Mahamane Ousmane ya ci zaɓen 1993, gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, sai fadodin matasa suka cika unguwanni: benci, butar shayi, rediyo da gardama har tsakar dare. Abin ya kai wata masaniya, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kan fada a 2019.

Duk waɗannan wurare akwai abu guda da ya haɗa su: mai magana yana da fuska. An san ubansa, an san jam'iyyarsa, an san ko mai ƙarin gishiri ne. In ya yi ƙarya yau, gobe a kan bencin nan zai zauna a yi masa dariya. Kunya ita ce mai gadin magana.

Zauren WhatsApp ya zo da alherin da babu mai musunsa. Mafi yawan manyanmu ba sa karanta Faransanci, harshen da aka daɗe ana rubuta dokoki da jaridu da shi. Saƙon murya ya rushe wannan katanga: manomi, mai gina tukwane, ɗan kabu-kabu, kowa na iya ji da Hausa, ya kuma mayar da martani da Hausa. Zauren ƴan gari ya haɗa wanda ke gida da ɗan'uwansa mai haƙar zinariya a Jado, da mai ci-rani a Libiya ko Aljeriya, da ɗalibi a Jami'ar André Salifou. Matan da al'ada ba ta ba su zama a fada ba sun sami nasu zaurukan. Ranar juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da kwanakin da suka biyo baya, lokacin da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, mutane da yawa ta waya suka riƙa sanin halin da ake ciki. Hukumomi ma sun san nauyin abin, shi ya sa bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021 aka katse intanet ta salula kusan kwana goma.

Wani bincike da aka yi a Amurka dab da zaɓen 2018 ya auna ribar da hasarar a lokaci guda. An biya wasu mutane kuɗi suka rufe Facebook na mako huɗu. Da aka gwada su, sai aka tarar saninsu na labarai ya ragu, zafin ra'ayinsu na siyasa shi ma ya ragu. Ƙofar da ilmi ke shigowa ta nan zafin kai ke biyo shi. To ta yaya hakan ke faruwa a zaurukanmu? Ina ganin hanyoyi uku ne.

Ta farko, kuma mafi girma, ita ce aron amana. Saƙo ya shigo wayarka daga kawunka, ko limamin unguwarku, ko abokin da kuka yi makarantar allo tare. Ba za ka ƙaryata kawunka ba. Amma kawun bai ƙirƙiri maganar ba, turowa ya yi, shi ma wani ya turo masa, har a kai ga mutumin da babu wanda ya sani a cikinku, wanda wataƙila biyansa aka yi. Haka baƙon da ba za ka ba aron dala ba yake shiga kunnenka sanye da rigar danginka. Masu bincike na cibiyar CDD ta Abuja da abokan aikinsu na Ingila sun bi diddigin zaɓen Najeriya na 2019 a Kano da Oyo, suka nuna yadda ƴan siyasa ke jera zauruka tun daga jiha har mazaɓa, da matasan da ake ba ɗan abin sayen kati su yaɗa saƙo. Da yake harshenmu ɗaya, abin da sojojin baka suka dafa a Kano da safe domin rigimarsu ta gida, kafin la'asar ya iso Mirriya, mu ci ba mu san don wa aka dafa ba. Kun tuna labarin da ya game ƙasar Hausa cewa Shugaba Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan. Sai da shugaban ƙasa da kansa ya fito a Disambar 2018 ya ce shi ne dai ba wani ba.

Ta biyu ita ce taron ƴan ra'ayi ɗaya. A fada ba ka da ikon korar maƙwabcinka don jam'iyyarku ta bambanta. Dole ka sha shayi da shi, ka ji tasa. A zaure kuwa, wanda ya kawo saɓani sai a yi masa ca, ko ya yi shiru, ko ya fita, ko a cire shi. Masanin shari'a Cass Sunstein ya yi bayanin abin da ke biyo baya: in masu ra'ayi ɗaya suka yi ta tattaunawa su kaɗai, sukan tashi da ra'ayin da ya fi wanda suka zauna da shi tsauri. Kowa na jin hujjar da ke ƙarfafa shi, kowa na son a ga ya fi kishi. Daga nan mai wani ra'ayi ya tashi daga wanda ya yi kuskure ya koma maci amana. Ga kuma girman taron: zaure ɗaya yanzu yana ɗaukar mutum 1024. Mutum goma ke magana, sauran na kallo, su ɗauka abin da goman suka ce shi ne ra'ayin gari.

Ta uku ita ce irin labarin da ke da ƙafa. A 2018 masana na jami'ar MIT suka bi labarai kusan 126,000 a Twitter, suka gano cewa na ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin 100. Dalili a bayyane yake: abin mamaki, abin tsoro da abin fushi su ne ke sa yatsa ya motsa. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga haka, ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019. Sakamakon a wurinmu shi ne wani irin sani mai gurguwar ƙafa. Yaro zai zayyana maka rikicin Rasha da Yukren da sunayen makamai, amma bai san nawa ne kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa ba, bai san inda harajin kasuwa ke tafiya ba, bai san wa ya kamata ya tambaya in famfon unguwa ya lalace ba. Alhali siyasar da ke taɓa tuwonsa tana nan kusa.

Wasu za su ce a bar wa doka. Dokar tana nan, kuma ina so ƙannena su san ta. A Yulin 2019 aka kafa dokar yaƙi da laifukan intanet. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka maido da shi. Saƙon da ka tura cikin wasa yana iya kai ka gaban alƙali. Sai dai doka tsoro take koyarwa, ba ta koyar da tantancewa, kuma in tsoro ya yi yawa mai gaskiya yakan riga maƙaryaci yin shiru. Aikin da ya rage namu ne.

Kayan aikin kuwa muna da su a gida. Malamanmu na hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, wane daga wane, sun kuma auna halin kowane mai ruwaya. Aya ta shida ta Suratul Hujurat ma a kan bincika labari ta sauka. Mai sayen tukunyar Mirriya ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta, ko da a hannun ƴar'uwarsa zai saya. Labari ma haka ya kamata a yi masa. Kafin ka tura, tambayi wanda ya turo maka: kai ka gani ko ji ka yi? Yaushe aka ɗauki hoton nan, a wane gari? Muryar nan ta wace ce? In babu amsa, saƙon ya kwana a wayarka.

Ga shugabannin zauruka, ku ne magadan jagororin kulob na 1962. Aikinku ya wuce ƙara lamba da cire lamba. Ku sa doka cewa duk mai kawo labari ya faɗi tushensa. Wanda ya turo abin da ya tabbata ƙarya ne, ya dawo ya gyara da muryarsa a zauren da ya yaɗa shi. Ku kare mai saɓanin ra'ayi muddin bai yi zagi ba, domin ranar da ya fita, zaurenku ya rasa mai nuna masa kuskure.

Ga samarin fada, kada waya ta cinye muku benci. Saƙon da ya tada ƙura, ku kunna shi a fada, ku kira malamin tarihi ko ma'aikacin lafiya ko wani dattijo ya saurara tare da ku, ku kwatanta da abin da rediyo ta faɗa, ta gwamnati da mai zaman kanta da irin shirye-shiryen Studio Kalangou. Sa'annan ku karkata zaurukanku ga abin da ido zai iya tabbatarwa, tunda gani ya kori ji: ajin da ba malami, rabon takin zamani, farashin tiyar hatsi, hanyar da ruwa ya cinye. A nan ƙarya ba ta daɗewa, kuma a nan ne muryarku za ta iya sauya wani abu.

Ga malaman makaranta, tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, nauyi ya ƙaru a kanku. Ku fassara wa mutane dokoki da kasafin kuɗi cikin saƙon murya na minti biyu ko uku, ku faɗi sunanku a farko da takardar da kuka karanta. In masu sani suka ƙi shiga zaure don suna ganin hayaniya ce, masu hayaniyar ne za su ci gaba da karantar da ƴaƴanmu.

Jama'a, a nan zan dakata domin a buɗe fagen tambayoyi, kuma wanda bai yarda da ni ba shi nake roƙo ya fara. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.