WA KE KOYA WA MUSHE?

Jawabin malaman lakwal ƴan garinmu a taron ƙungiya na bayan girbi, a Damagaram

Allah ya ja zamanin Maigari, Allah ya gafarta Liman, iyayenmu maza da mata, yayyenmu da ƙannenmu da suka taso daga Kano da Agadas da Arlit da Yamai saboda wannan taro, muna yi muku barka da zuwa. Shugaban ƙungiya ya ce mu malaman lakwal mu fid da mutum guda ya yi magana da bakinmu duka. Aka duba wanda ya fi ƙuruciya aka turo shi gaba, don in an yi ɓaramɓarama a ce yarinta ce.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa, a taron bara wani babanmu ya tashi ya ce ya miƙa wa jikansa takardar asibiti ya karanta masa, yaro yana aji shida, amma ya yi ta juya takarda har ya mayar masa da ita. Baba ya tambaya, shin shekara shidan nan me mushe yake yi da yaran? Ran nan muka sunkuyar da kai, ba wanda ya amsa. Yau muka zo da amsa, ko da ba mai daɗi ba ce.

Da farko dai Baba ya yi gaskiya, kuma abin bai tsaya ga jikansa ba. A 2014 an yi wani gwaji mai suna PASEC a ƙasashen Afirka goma masu karatu da Faransanci. Nijar ce ta zo ƙarshe, cikin yara goma da ke gama firamare da ƙyar ake samun ɗaya wanda ke karanta rubutu ya gane abin da ya karanta. Da aka sake gwajin a 2019 an ɗan matsa gaba, amma har yanzu da sauran tafiya. Saboda haka ba mu zo wanke kanmu ba. Mun zo mu nuna muku yadda ake yin mushe, don in tukunya tana yoyo a kan koma wajen maginin.

Yawancinmu nan Damagaram muka yi makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu. Da takardar BEPC ko BAC ake shiga, a yi shekara ɗaya ko biyu gwargwadon tsarin lokacin, da Faransanci ake koya mana kome, har yadda za a ce wa yaro ya zauna. Sa'an nan a ba ka takarda a ce ka tafi ƙauye kaza. Ka isa ka tarar da ajin farko cike maƙil, yara zaune a ƙasa, babu ko ɗaya da ya taɓa jin kalmar Faransanci in ba a rediyo ba. Ɗayanmu ya ba mu labari, ya ce wata biyu yana nuna hoton akuya a allo yana faɗin sunanta da Faransanci, yara na amsawa da ƙarfi, shi kuwa yana murna. Ran da ya goge hoton ya bar rubutun kaɗai, aji ya yi tsit. Ashe waƙa suka hardace. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa haka tana faruwa, balle yadda ake maganinta.

Dattawan da suka yi lakwal a zamanin Nasara, da ma bayan samun ƴancin kai a 1960, sun san sambol, wato abin nan da ake rataya wa yaro in ya yi Hausa a farfajiyar makaranta. Amma a cikin garin nan da muke zaune aka fara gwada wata hanya. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar nan Damagaram, a jikin makarantar horon malamai, inda yaro ke fara karatu da rubutu da lissafi da Hausa, sa'an nan Faransanci ya biyo baya. Marigayi Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yaro da harshen gidansu. A 2025 kuma kundin mulkin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To, ga abin kunya, mu da muka sha Hausa a nono, da yawanmu ba mu iya rubuta ta daidai ba, ba mu san inda ake sa ƙugiya a harafi ba, don ba a koya mana ba. Doka ba ta shiga aji da ƙafarta, sai malami ya kai ta.

Akwai kuma maganar kwantiragi, wadda ya kamata ku gane sosai. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa kai, da shirin ilimi na shekara goma ya kankama a 2003 sai aka yi ta buɗe makarantu a ƙauyuka, aka cika su da malaman kwantiragi. Alheri ne ta wani gefe, garuruwa da yawa ta haka suka samu lakwal. Amma an tura mutane aji da horon ƴan makonni, waɗansu ma babu horon ko kaɗan, kuɗinsu bai kai na mai matirikil ba, ga shi yakan yi jinkiri. Cikin shekarun 2010 su ne suka fi yawa a firamare nesa ba kusa ba. A watan Yuli na 2017, zamanin minista Dauda Mamadu Marte, aka yi musu jarrabawa a ƙasa baki ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki, aka sallami dubbai. Ƙungiyoyin malamai sun yi adawa da yadda aka yi abin, mu ma a ganinmu wanda ya ɗauki mutum bai horar da shi ba yana da nasa kaso na laifi. Duk da haka sakamakon ya ƙona mana rai, kuma ba mu ce ƙarya ne ba.

To, ina malami zai ƙaro sani bayan ya kama aiki?

Babbar ƙofa ita ce taron da ake ce wa CAPED. Malaman makarantun da ke kusa da juna su haɗu a makaranta guda, tare da konseye, wato mai ba malamai shawara daga ofishin sufeton makarantu. Mutum guda ya ɗauki aji na gaskiya ya yi darasi a gaban ƴan'uwansa, in ya gama a sallami yara, a zauna a feɗe darasin har wutsiya. Wannan ya ce ka yi sauri, wancan ya ce yaran baya ba ka ko dube su ba. Da zafi, amma mun rantse muku abin da muka koya a irin wannan zama ya fi na shekarar makarantar horo. A nan wata tsohuwar madam ta nuna mana yadda ake koyar da aron goma a lissafi da karan dawa, ɗaure goma goma, yaro ya kwance ɗauri da hannunsa ya ga inda goman ta tafi. A nan mai labarin akuya ya ji cewa sai yaro ya san ƙarar kowane harafi kafin a ɗora masa kalma. Matsalar ita ce taron ba ya samun zama yadda ya kamata. Mai tafiyar kilomita ashirin cikin rairayi yana bukatar kuɗin kabu-kabu da abin da zai ci, in kuɗin bai fito ba sai taron ya sha ruwa.

Sai jarrabawar aiki, CEAP ga mataimakin malami, CAP ga cikakken malami, akwai ta rubutu, akwai wadda sufeto ke zuwa ya zauna a bayan ajinka yana kallo. Wanda ya daɗe a aiki yana iya neman shiga babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Yamai ya fito konseye ko sufeto. Duk wannan da karatun dare ake yinsa, karatun dare kuwa sai da fitila da ɗaki mai ƙofa.

Sa'an nan sandika. Mun san in kuka ji kalmar, yajin aiki ke faɗo muku a rai, kun ga yara sun komo gida da hantsi. Akwai SNEN, tsohuwar ƙungiyar malaman Nijar, akwai SYNACEB da ta yi fice wajen kare ƴan kwantiragi. Abin da suke nema yawanci bai wuce a biya kuɗi kan lokaci ba, a ba wanda ya daɗe yana kwantiragi matirikil, kada a yi wa mutum canjin wuri don ƙiyayya. Ba ƙaramin abu ba ne malamin da ke ƙauye shi kaɗai ya san akwai masu tsaya masa. Amma ba za mu ɓoye muku ba, a tsakaninmu ma muna gardama, don in yaji ya yi tsawo ɗan mai kuɗi yana makarantar kuɗi a birni, ɗan talaka ne ke asara, ɗan talakan nan kuwa ƙanenmu ne. Waɗansunmu sun sha faɗa a taron sandika cewa a riƙa neman horo da ƙarfin da ake neman kuɗi.

Yanzu ga inda muke roƙonku. Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye da malamai, wanda aka sani da COGES, yanzu CGDES. An fara ƙarfafa shi a jihar Tawa a 2004 da taimakon Japan, daga baya ya game ƙasa. Da zaɓe ake kafa shi, yana da ikon tsara aikin shekara da tambayar inda kuɗi ya shiga. Namu ya zama suna kawai, mutum uku ne ke zuwa taro, biyu daga cikinsu don darakta ya aika musu yaro sau biyu. Muna so a sake zaɓe kafin hutun nan ya ƙare, a sa mata a ciki, a sa mutum ɗaya daga ƴan ci-rani wanda zai riƙa bugo waya yana tambaya.

Na biyu, gidan malami. Malamai nawa aka turo mana cikin ƴan shekarun nan suka nemi canji tun shekara ba ta zagayo ba? Kun fi mu sanin lissafin. Baƙo ya zo, a sauke shi a zaure ko a ɗakin ajiyar makaranta, matarsa ba ta iya biyo shi, ranar Alhamis hankalinsa ya koma birni. Malama mace kuwa ba ta ma kwana. Ɗaki biyu na ƙasa da katanga da makewayi ba su fi ƙarfin garin da ya gina masallacin Juma'a ba. Iyayenmu da suka yi Samariya zamanin Seyni Kunce da hannunsu suka buga tubalin azuzuwa, suna nan zaune, a tambaye su yadda aka yi.

Haka azuzuwan zana guda biyun nan. Ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara, watau yaransu sun yi asarar farkon shekara tun ba a fara ba, ruwan farko kuma ya tashe su. Ga wuta. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Maraɗi, yara fiye da ashirin suka rasu, bayan wadda aka yi a Yamai cikin Afrilun shekarar. Allah ya jiƙansu, ya kiyaye namu.

Na ƙarshe ƙarami ne, shi ya sa muke jin nauyin faɗinsa. Muna so ƙungiya ta ware wani abu cikin asusunta don kuɗin hanyar malamanmu zuwa CAPED in na hukuma bai zo ba, kuma in layi ya zo kan makarantarmu, gari ya ɗauki tuwon baƙi na kwanakin. Mun yi shawara kowane ɗan ci-rani ya ƙara jika ɗaya a kan kuɗin shekara, kuɗin ya zauna hannun ma'ajin ƙungiya, kada ya shiga hannun malami ko ɗaya.

Mu kuma ga abin da muka ɗauka. Mu ƴan gari da ke koyarwa a wasu wurare, in mun zo hutu za mu ba da sati biyu muna karatu da yaran aji biyu da aji uku da safe, kyauta, da Hausa za mu fara. A ƙarshen shekara kuma za mu tara yara a ƙofar Maigari, kowane uba ya zo da takardar da ya ga dama, ta asibiti ko ta haraji, ya miƙa wa ɗansa a gaban jama'a. Baba mai jika, kai za mu fara kira.

Sakatare yana nan bakin ƙofa da littafi, mai son shiga kwamiti ko aikin tubali ya ba da sunansa kafin a tashi sallar La'asar.