HAƘƘOƘIN DA KE KAN DUKIYAR MAMACI KAFIN RABON GADO

Godiya ta tabbata ga Allah, Magajin sammai da ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu sun san yadda ake yi wa mamaci wanka da salla, amma idan an dawo daga maƙabarta sai a bar Shari'a a can, a shiga dukiyarsa da son zuciya. Alhali malaman fiƙihu sun jera haƙƙoƙi biyar a kan abin da mamaci ya bari, kuma ba a tsallake na gaba a kama na baya.

Na farko, haƙƙin da ya rataya da wani abu ayyananne, kamar gonar da ya bayar jingina. Na biyu, likkafani da haƙar kabari, gwargwadon da ya dace. Abincin sadakar uku da bakwai da arba'in ba ya cikin wannan. Wanda ya ɗebi kuɗinsa daga dukiyar da marayu ke da rabo a ciki, to, ya ci haƙƙinsu. Na uku, bashi, ko da zai cinye dukiyar baki ɗaya. Daga ciki akwai sauran sadakin matarsa. Na huɗu, wasiyya. Na biyar, gado, kamar yadda Allah Ta'ala Ya yanka a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176.

Wasiyya tana da iyaka biyu. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya yi jinya mai tsanani a Makka, ya nemi izinin bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana. Ya nemi rabi, ya hana. Sai ya yarje masa sulusi, ya kuma nuna masa cewa sulusin ma yana da yawa. Iyaka ta biyu kuwa, ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun yarda.

Ga misali. Mutum ya bar naira 3,000,000. Jana'iza ta ci 50,000, bashi 550,000, saura 2,400,000. Ya yi wasiyyar 1,000,000 ga masallaci. 800,000 kaɗai za a zartar, domin shi ne sulusi. Saura 1,600,000. Magadansa su ne mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mata uku. Matar tana da sumuni, wato 200,000. Kowane namiji 400,000, kowace mace 200,000.

Sannan a kula: wanda mamaci ya rubuta sunansa a banki ko wurin aiki a matsayin makusancinsa bai zama mai dukiyar ba. Amana ce a hannunsa har ta isa ga magada. Haka nan babban wa da ke riƙe gida da gona shekara da shekaru da sunan kada zumunci ya watse, ƙannensa mata na cikin ƙunci, ya sani jinkirin nan shi ke watsa zumuncin. In an sami saɓani a je gaban alƙali. Sashe na 277 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sanya wasiyya da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, tun kana da lafiya rubuta abin da ake bin ka da wanda kake bi, da ajiyar mutane da ke hannunka. Ka ayyana wasiyyi amintacce ga ƙananan 'ya'yanka, ka kafa shaidu biyu adilai. Rubuta wasiyya ba ya kusanto da ajali, barinta kuma ba ya nisanta shi.

Allah Ya sa mu cika da imani, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.