Yaranmu da Farantin Talla a Ƙofar Masana'antu

  

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa da hantsi, ko ya ratsa Bompai lokacin da ma'aikata suke fitowa cin abinci, ko ya nufi Challawa ta hanyar Panshekara, ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau. Yara ne, galibinsu mata, waɗansu ba su kai shekara goma ba, kowace da faranti ko bokiti a ka: awara, ɗanwake, kwaɗon zogale, gyaɗa, ruwan leda. Suna tsaye a bakin ƙofa suna jiran leburori, suna kutsawa tsakanin manyan motoci, alhali a daidai wannan lokaci tsararrakinsu suna aji. Mun saba da ganinsu har idonmu ya daina ganinsu.

Talla ba baƙuwa ba ce a Kano. Tun a shekarun 1970 wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a cikin birni, ta nuna cewa matan da suke kulle suna gudanar da sana'o'insu ne ta hannun yara, kuma ribar tallar yarinya akan tara ta domin kayan ɗakinta. To amma waccan talla ta cikin unguwa ce, gida-gida, a gaban mutanen da suka san yarinyar, suka san ubanta. Ta yau kuwa ta bakin titi ce, nesa da gida, kuma kuɗin ba ya kaiwa ga kayan ɗaki, domin da shi ake sayo garin tuwon dare.

Yaya aka yi muka zo nan? Dattawan da ke cikinmu sun san lokacin da Bompai ta cika da masaƙu da kamfanonin matse man gyaɗa da na alewa, sa'an nan aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, Challawa kuma ta zama matattarar masu jima. Magidanci daga Dakata ko Gama ko Ja'en yakan hau kekensa da asuba, ƙarshen wata ya karɓi albashi, ya ciyar da iyalinsa ba tare da ya ɗora wa 'yarsa faranti ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi, injuna da kayan gyara da ake sayowa daga waje suka gagara. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kamfanoni suka koma kan janareta, tsadar aiki ta ninka. A 2005 aka cire ƙayyadewar cinikin tufafi ta duniya, atamfar Sin mai araha ta cika Kantin Kwari, masaƙunmu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gine-gine da yawa da a da ake jin ƙarar injin a cikinsu yanzu sito ne na ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Sai kuma 2023, da aka janye tallafin man fetur, farashin abinci ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa.

Ku dubi abin takaicin da ke ciki. Uban da aka sallama daga kamfani yana zaune a gida, 'yarsa kuma tana tsaye a ƙofar wani kamfanin tana sayar wa leburan wucin gadi abinci, shi ma leburan sau da yawa bashi yake ci sai ranar biya. Talaka ne yake neman abin kai wa bakin salati a aljihun talaka.

Wannan duka gaskiya ne, amma ba za mu fake da shi ba. Ciyar da iyali a shari'a wajibi ne a kan miji, ba a kan mata ba, balle a kan ƙaramar yarinya. Akwai magidantan da suka yi iya ƙoƙarinsu abin ya faskara, waɗannan muna tausaya musu. Akwai kuma waɗanda suke fita da safe ba su bar ko sisi ba, ba su tambayi yadda aka hura wuta ba, su dawo da dare su tarar da tuwo su ci. Wani ma a cikin wannan hali yake neman ƙarin aure. Muna gaya wa irin wannan cewa tuwon nan da gumin 'yarsa aka tuƙa shi, kuma za a tambaye shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilimi ya isa ga matan karkara. Ina muke tsaye daga wannan gado?

Abin da ke samun yaran nan a waje kuwa, likitoci da ma'aikatan Hisba sun fi mu sani. Akwai mota, akwai ruwan sinadaran jima da ke kwarara a magudanan Challawa. Mafi muni shi ne mutumin banza da zai ce zai saye farantin duka idan ta biyo shi ciki. Yarinyar da aka ce kada ta dawo da saura, kuma ta san dukan da ke jiranta idan kuɗi bai cika ba, ta yaya za ta ce a'a? Uwar da ke kafa wannan sharaɗi ta ji tsoron Allah.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana sa yaro talla a manyan tituna. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. Jihar Kano ta sami tata dokar kare yara a 2023. Duk da haka, a 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yaran Nijeriya da ba sa zuwa makaranta sun kai kimanin miliyan 20. Kama yarinya a ƙwace farantinta ba ya cika tukunyar gidansu, gobe za ta sake fitowa ta wata hanya.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) ya taɓa jin kukan jariri da dare a Madina. Da ya bincika, sai ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne saboda baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Umar bai hukunta matar ba, kansa ya zarga, ya kuma mayar da kason tun daga ranar haihuwa. Wato ya gyara abin da ya tura ta.

Saboda haka muna kira ga masu kamfanonin da suka rage a Sharaɗa da Challawa da Bompai, da attajiran Kwari da Singa, su fitar da zakkar dukiyarsu yadda shari'a ta tsara, a ba mutum abin da zai zama jari, a daina tara mata a ƙofar gida ana raba musu abin da ba zai kai su mako ba. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi abin da ta tara da inda ya tafi. Kamfanin da ke da ɗaruruwan ma'aikata yana iya ware rumfa a cikin harabarsa, ya ba manyan mata da zawarawa izinin sayar da abinci, cinikin da yara suke yi ya koma hannun iyayensu.

Mu kuma, kowane kwamitin masallaci ya zauna da mai unguwa a wannan wata, a rubuta gidajen da yaransu suke fita talla a lokacin makaranta, a shiga a ji dalili cikin sirri da mutuntawa. Inda rashin jari ne, a haɗa wa uwar jari, a nema mata mai shago ko babban mutum da zai riƙa sarar kayanta daga gida. Inda kuɗin littafi ko kayan makaranta ne, a biya. Inda kuma sakacin uba ne, liman da dattawa su kira shi su yi masa nasiha, idan ya ƙi a kai maganar gaban Hisba. Malaman Islamiyyunmu su ma su duba rajistarsu, su kawo wa kwamiti sunan duk yarinyar da ta yi mako biyu ba a gan ta ba.