Shakkar Manomi Kan Sauyin Yanayi: Inda Take Da Hujja, Da Inda Ta Wuce Gona Da Iri

Laccar da aka gabatar a gaban manoma, makiyaya, malaman makaranta da ɗalibai a Fulatan, ƙaramar hukumar Rogo

   

Waɗanda suka gayyace ni cewa suka yi in zo in wayar da kan jama'a game da sauyin yanayi, domin wai mutanen karkara sun ƙi yarda da shi. Gayyatar na amsa, ƙarar kuwa ban karɓa ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana duban gabas kafin ya saɓa fartanya, ba ni zan koya masa cewa damina tana sauya hali ba. Abin da dattawa ke shakka shi ne ihun da ake yi, da masu ihun. Sau da yawa za ka ji an ce: mun ga fari tun ba a haifi masu wannan magana ba, yau kuma don an samu kuɗin Turawa sai a raɗa masa sabon suna?

Dattijon da ya faɗi haka tarihi yana bayansa. Yunwar da kakanninmu suka kira Kakalaba ta auka wa ƙasar Kano a 1913 zuwa 1914, lokacin da motocin da ke Arewa ba su taka kara sun karya ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka ga farin 1972 da 1973, suka kuma ga na 1983 da 1984, da shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanyar kudu. Wannan ƙasa ta daɗe da sanin shekarun yalwa da shekarun ƙunci. Duk wanda ya zo yana magana kamar jiya aka fara fari, ya zubar da girmansa tun kafin ya zauna.

Sannan an taɓa yin ihu aka zo ba a ga komai ba. A 1934 wani farfesan gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Nijeriya da kudancin Nijar da rani. Ya ga rairayi, ya ga ƙasa ta yi fari fat, ya koma Landan ya gabatar da lacca a 1935 cewa Sahara tana tahowa, kuma sai an kafa dogon shingen bishiyoyi kafin ta cinye yankin. Hankalin 'yan mulkin mallaka ya tashi, Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana gandun daji, suka bi iyakar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. Rahoton da suka kawo bai goyi bayansa ba: ba su ga hamada tana tafiya ba. Bawan Allah ya ga watan Maris ne ya ɗauka haka ƙasar take kullum. Da ya dawo a watan Agusta, da ya ɓace a cikin dawa.

Bayan shekara arba'in aka maimaita. A 1975 wani masani mai suna Hugh Lamprey ya yi shawagi da jirgin sama a Sudan, ya ce hamada na matsowa kudu da kilomita biyar da rabi a shekara. Adadin ya zagaye duniya. Da aka samu hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun 1980, sai aka ga bakin hamadar gaba yake yi ya yi baya: shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ya matso, shekarar da aka samu ruwa ya ja da baya. Har gobe za ku ji jami'ai a taron dashen bishiya suna cewa hamada na cin mita 600 a shekara a Nijeriya. Ni dai duk wanda ya faɗa mini haka, nakan tambaye shi daga ina zuwa ina aka auna, kuma a wace shekara.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne wanda aka ɗora wa laifi. Bayan farin shekarun 1970, fassarar da ta yi tashe ita ce talaka ne ya jawo wa kansa: makiyayi ya yi yawan dabbobi, manomi ya sare daji, ƙasa ta yi tsirara, ruwa ya ƙaurace. Sai a 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka nuna cewa yawancin hawa da saukar ruwan Sahel yana bin zafin ruwan teku ne. Wasu binciken suka ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin tekun Atlantika a wancan zamani, abin da ya janye hadari zuwa kudu. Wato Bafulatanin da aka zaga saboda shanunsa, wani ɓangare na masifar daga bututun masana'antar da bai taɓa gani ba ta fito.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana auna gonakin da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka fi cunkushewa. Ana tsammanin zai tarar da ƙasa ta mutu. Sai ya tarar manoma suna kai taki da jakuna, suna barin kuka da ɗorawa da gawo a gona, bishiyoyin ba su ƙare ba. A Maradi kuma, daga 1983, wani mai suna Tony Rinaudo ya lura kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa. Manoma suka rungumi sassabin zamani, suna barin tohon ya girma, har aka ƙiyasta hekta miliyan biyar sun sake yin bishiyoyi a Nijar. Ba da kuɗin wani gagarumin shiri aka yi wannan ba. Da gatari da haƙuri aka yi.

To, ya zuwa nan dattijo ya ci shari'a. Amma iyayena, ku yi mini afuwa, akwai inda shakkar take wuce gona da iri.

Stebbing da idonsa ya yi hukunci, a tafiya guda. Abin da ke gabanmu yau awo ne na dubban tashoshi a duniya, shekara fiye da ɗari. Iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yanzu, saboda ƙona kwal da fetur da gas. Wannan iska tana riƙe zafin da ya kamata ya fice. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara rubutawa, ta zarce ma'aunin ƙarshen ƙarni na 19 da kimanin digiri ɗaya da rabi. Ku tuna azumin 2024 ɗin. Ranar 3 ga Afrilu 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, wani babban asibitin Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum sama da ɗari cikin kwana huɗu. Mu ma a nan ba labari aka ba mu ba, a jikinmu muka ji daren da ba ya hucewa.

Ga kuma abin da ya fi shafar mai gona a Rogo. Ruwan Sahel ya farfaɗo tun shekarun 1990, wannan gaskiya ne, kuma masu shakka sukan kafa hujja da shi. Sai dai bai dawo da halinsa na da ba. Wani masani, Christopher Taylor, da tawagarsa sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, suka wallafa a 2017 cewa manyan hadura masu ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Dalilin kuwa mai sauƙin ganewa ne. Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci yana ƙara wa hadari ƙarfi, iska mai ɗumi kuma tana ɗaukar laima fiye da mai sanyi, kusan kashi bakwai cikin ɗari a kan kowane digiri. Saboda haka jimillar ruwan shekara tana iya zama daidai a takarda, amma an zubo maka na sati uku a dare ɗaya. Takin da ka ci bashi ka zuba wa masara ya bi rafi, kunya ta baje, kwazazzabo ya ƙara faɗi, sannan a ɗauke kwana goma sha biyar daidai lokacin da masara ke fitar da gemu. Wanda ya ce ai mun ga fari a da, ya yi gaskiya, amma wannan ba fari ba ne, wani ciwo ne dabam. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, masana kuma sun lissafa cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa kusan sau tamanin.

Yanzu na zo inda nake son shakkarku ta yi aiki. Sauyin yanayi ya zama babbar rigar da ake zumbulawa a kan yagaggiyar taguwa. Duk abin da ya lalace, sai a ce yanayi ne. Dam ɗin Alau ya ɓalle ranar 10 ga Satumba 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri. An yi ruwa mai yawa, ba musu. Amma dam ɗin ya taɓa ambaliya a 1994, kuma jaridu sun ruwaito cewa an daɗe ana kokawa kan lalacewarsa. Mu Kanawa ma mun ga ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988, tun ba a fara wannan yayi ba. Ruwan sama ba shi ke kula da bangon dam ba, ba shi ke raba filaye a kan magudana ba.

Ga misali a ƙofar gidanmu. Dam ɗin Challawa da ke Karaye, wanda aka kammala a 1992, da na Tiga da aka gina a 1974, sun kawo noman rani da ruwan sha da kamun kifi, kowa ya shaida. Amma sun sauya yadda ruwa ke isa fadamun Hadejia da Nguru. Ambaliyar shekara-shekara da masu shinkafa da masunta da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba kachalla dama ta toshe hanyoyin ruwa. Idan wani ya je Nguru ya ce duk sauyin yanayi ne, ya wanke masu sarrafa ƙofar dam ba tare da an zauna shari'a ba. Haka rikicin manoma da makiyaya. A tarurrukan Abuja ana cewa hamada ce ke koro makiyaya. Ku da ke nan kun san burtalin da aka nome, kun san mashayar da aka kewaye, kun san wanda ya sa hannu. Ɗorawa da kaɗanyar da ake sarewa a yi gawayi a loda a mota, ba masana'antar Jamus ce ta sare su ba.

Game da masu cewa Allah ne ke saukar da ruwa, ba ni da ja, kuma ga malamai a zaune da suka fi ni sani. Idan ruwa ya ɗauke mukan fita roƙo, haka aka koya mana. Sai dai ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, kowa ya karanta: da aka san shekarun fari na tafe, hatsi aka tara. Ban ji malamin da ya kira wannan raunin imani ba.

Zargin cewa akwai kuɗi a cikin maganar, shi ma gaskiya ne, akwai su. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya ba, don haka abin da ake turowa ba sadaka ba ce zalla. Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar katangar bishiyoyi a 2007, Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021. Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance na ce, ɗalibai ku rubuta, domin ku za ku biya. Mutumin da ya ce duk ƙarya ce ya juya baya, ya sauƙaƙa wa mai son cin kuɗin aiki ke nan. Wanda ake tsoro shi ne mai zuwa ofis ya ce: nawa aka ware wa Rogo, bishiya nawa aka dasa bara, guda nawa suka ga damina ta biyu, wa ya zaɓi irin da aka kawo alhali mu gawo da ɗorawa muke so?

Kuma kada mu tsaya jiran alƙaluman wasu. Ma'aunin ruwan sama ba wani abin tsada ba ne, bai kai kuɗin buhun taki ba. Ina roƙon shugaban makarantar firamare da ƙungiyar manoma su kafa ɗaya a filin makaranta, nesa da bishiya da inuwar gini. Kowace safiya da ƙarfe bakwai ɗalibi ya karanta, malami ya rubuta a littafi: ranar ruwan shuka, yawan ruwan kowace rana, tsawon kowane ɗaukewa, ranar ruwan ƙarshe. A gefe guda a zauna da dattawa a rubuta abin da suka riƙe na shekarun baya, wace shekara rafi ya ƙafe da wuri, wace shekara aka yi shuka sau uku. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. A karɓo shi a liƙa a bango, idan kaka ta yi a kwatanta da littafin Fulatan, a ga inda suka dace da inda suka kuskure, a rubuta musu. Malam shugaban makaranta, idan an tashi ina son mu zauna mu tsara shafukan littafin kafin bazara ta shigo.