Hasken Rana a Cikin Ginin Kasuwa: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Magina

Jawabin yau ya shafi wani abu ne da kowa yake samu kyauta tun daga fitowar rana har faɗuwarta, amma duk da haka mutane da yawa suna kashe kuɗi kullum domin sayen madadinsa. Wannan abu kuwa shi ne hasken rana. Za a ɗauki misali daga Kasuwar Ose Okwodu ta birnin Anacha, a Jihar Anambra, domin abin da za a faɗa game da ita ya shafi kasuwannin Fatakwal da Inugu da Kano da Sakkwato baki ɗaya.

Kasuwar Ose tana bakin Kogin Kwara ne, ba nisa da Babbar Kasuwar Anacha, ta kuma yi suna wajen kayan abinci. Tun kafin a kammala gadar Kwara ta farko a shekarar 1965, fatake daga Arewa suke saukowa Anacha da kaya ta ruwa. Yau kuwa manyan motoci ne suke kawo albasa da wake da barkono da busasshen kifi. Dukan waɗannan kaya da ido ake sayensu. Mai sayen wake yana so ya duba ko ƙwaro ya huda shi. Mai sayen barkono yana so ya ga jansa, ya tabbata bai yi fumfuna ba. Idan shago ya yi duhu, mai saye yakan ɗebi samfur ya fito da shi bakin layi, ko kuwa ya yi zargin ana ɓoye masa wani aibi ne, ya wuce gaba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma ɗan kasuwar da ya hana mai saye gani ya rage wa kansa ciniki.

Yadda duhu yake samuwa

A yawancin kasuwannin ƙasar nan, da hannu ake gina duhu, kaɗan-kaɗan. Da farko akan bar layi a buɗe tsakanin jerin shaguna biyu. Sai mai shago ya ƙara falle biyu na kwano a gaban shagonsa sabo da ruwan sama. Wanda yake fuskantarsa shi ma ya ƙara nasa. Kafin shekara ta zagayo rufin biyu sun haɗe, an toshe sauran kafa da tamfol. Shi kansa shagon kuma bango uku ne na bulo babu taga, don tsoron ɓarayi. Da haka sai a wayi gari ana kunna ƙwan lantarki da ƙarfe goma sha biyu na rana, in an ɗauke wuta kuma a tayar da janareto.

Wannan hali yana da hasara iri uku. Ta farko ita ce kuɗin mai, wanda ya ƙara nauyi ƙwarai tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Ta biyu ita ce lafiya, domin hayaƙin janareto yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da launi ko wari, tana kuwa iya kashe mutum a wurin da iska ba ta ratsawa. Ta uku ita ce gobara. Jama'a ba su manta da gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ba, ko ta Babbar Kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ta Katsina a Maris na 2021. Kowace gobara da sanadinta, amma sanannen abu ne cewa wayoyin da aka ja barkatai, da man da aka ajiye kusa da kaya, da rufin da ya haɗe layi da layi, duk suna taimaka wa wuta ta tashi ta kuma ƙetare.

Haske da zafi

Masana suna auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. A fili da tsakar rana, hasken yakan kai luks 100,000. Ko ranar da hadari ya rufe sama yakan kai dubbai. Alhali kuwa mai karatu ko mai lissafin kuɗi, luks 300 zuwa 500 sun ishe shi. Watau ɗan ƙanƙanen kaso na hasken da yake zuba a kan rufi ya isa ya haskaka shago. Har ila yau, tsawon yini a Anacha bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, kusan daidai da lokacin cin kasuwa.

Wahalar ita ce haske da zafi tare suke tafiya. Wanda ya buɗe rufi ya bar rana ta faɗi kai tsaye a kan kaya, zai sami haske, amma albasarsa za ta lalace, shagon kuma ya gagari zama. Sabo da haka gwanintar magini ita ce ya tare ƙwayar rana, ya shigar da hasken sararin sama, irin wanda mutum yake samu in ya zauna a inuwar bishiya.

Maginan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan. Sun gina bango mai kauri da tubali, suka yi 'yan tagogi ƙanana can sama, suka bar tsakar gida a buɗe domin aikin da yake bukatar haske. Wannan tsari ya dace da Kano da Katsina, inda iska take a bushe, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. Amma Anacha ƙasar laima ce, ruwan da take samu a shekara ya kusa ninka na Kano. A can, ɗaki mai ƙaramar taga yakan riƙe danshi, kaya su yi fumfuna. Ya kamata ɗan Arewa mai gini a Kudu ya riƙe hikimar gida ta ɗaga taga sama, amma ya faɗaɗa ta, ya kuma bar wa iska hanyar shiga da ta fita.

An gwada irin wannan gini a Nijeriya tun da daɗewa. A shekarun 1950, masu zanen gini biyu daga Ingila, Maxwell Fry da Jane Drew, suka tsara gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Sun lulluɓe ɗakin karatun kwalejin da bangon siminti mai huda-huda, wanda yake tare rana, ya bar haske da iska su wuce. A shekarar 2017 kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idar gini ta tsimin makamashi, wadda ta ce idan tagogi suka wuce kashi 20 cikin 100 na faɗin bango, lalle ne a yi musu abin inuwa.

Abubuwa biyar da za a kiyaye

Na farko, fuskar gini. A Anacha rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, a farkon Afrilu da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan lokuta tana ɗan karkata arewa, sauran watanni kuma ta karkata kudu, amma da tsakar rana kullum tana can sama. Don haka bangon arewa da na kudu suna da sauƙin karewa. Bakin rufin da ya fito ƙafa 3 zai yi wa bangon kudu inuwar kimanin ƙafa 5 da tsakar rana a watan Disamba. Bangon gabas da na yamma kuwa, rana tana dukansu a kwance da hantsi da la'asar, bakin rufi ba ya tare ta. Sabo da haka a miƙar da jerin shaguna daga gabas zuwa yamma, ƙofofi da tagogi su dubi arewa da kudu.

Na biyu, tsayin taga. Magina suna da ƙiyasi cewa haske yakan shiga ɗaki kimanin ninki biyu na tsayin da yake tsakanin daɓe da saman taga. Tagar da samanta yake ƙafa 8 daga ƙasa za ta haskaka wajen ƙafa 16 na cikin sito. Taga doguwa a kwance, dab da rufi, wadda aka sa wa sandunan ƙarfe ko bulo mai huda, tana kawo haske, buhuna ba su toshe ta, ɓarawo kuma ba ya samun hanya.

Na uku, rufin layi. Idan 'yan layi suna so su rufe hanyar da take tsakaninsu, to, su haɗa kai su yi rufi ɗaya, su ɗaga shi ƙafa 2 ko 3 bisa rufin shaguna, su bar wannan tazara a buɗe ta gefe biyu. Haske zai shiga ta nan, iska mai zafi da hayaƙi kuma su fita, gama iska mai zafi sama take tashi. A fito da bakin rufin sosai, a kuma sa indararo, don kada feshin damina ya shiga.

Na huɗu, kwano mai shigar da haske. Ana sayar da fallayen roba masu fasalin kwanon rufi. A sa su jefi-jefi, bisa hanyar wucewa, kada a sa su bisa kayan da rana take ɓatawa. Wanda ya yi fari-fari ya fi wanda ake gani tangaran, domin yana baza haske. A sani kuma cewa robar takan tsufa ta tsage, sai a canza ta, a kuma wanke ta bayan ƙurar hunturu. Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai dabarar da wani makanike ɗan ƙasar Brazil, Alfredo Moser, ya ƙirƙiro a 2002. Ana cika gorar roba da ruwa mai tsabta, a ɗiga ɗan sinadarin wanki mai kashe gansakuka, a huda kwano a soka ta rabi a waje rabi a ciki, a liƙe gefenta. Da rana takan ba da haske kamar ƙwan lantarki mai wat 40 zuwa 60. Sai dai in ba a liƙe da kyau ba za ta yi yoyo.

Na biyar, farin fenti. Farin bango yana mayar da kimanin kashi uku cikin huɗu na hasken da ya sauka a kansa, amma bulon da ba a shafa ba, ko rabi ba ya mayarwa. Farar ƙasa a bango da silin ita ce mafi arha cikin dukan waɗannan dabaru.

Aikin kowa

Da yawa daga 'yan kasuwar Arewa da suke zaune a Anacha da Fatakwal da Inugu haya suke yi, ba su da ikon fasa bango. Duk da haka ɗan haya yana iya shafa farar ƙasa, ya kawar da buhunan da suka toshe taga, ya cire tamfol in damina ta wuce. Maganar rufin layi da sabuwar taga kuwa, sai a kai ta gaban shugabannin kasuwa da Sarkin Hausawa, su kuma su zauna da masu shaguna da hukumar da take kula da kasuwar, a nemi izni kafin a taɓa gini. Wannan shawara ba ta kawar da bukatar lantarki da dare ko ranar baƙin hadari ba, amma tana rage awoyin da ake dogara da shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan magana shi ne ranar da ake aza harsashi, ko ranar da kafinta zai hau rufi. Duk mai shirin gina shago ko sake rufinsa, ya tsaya da magini ya tambaye shi ta ina haske zai shiga, ta ina kuma zafi zai fita, kafin a buga ƙusa ta farko.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. A huta lafiya.